Harbour: Kalmar da Ta Taso Daga Sansanin Mayaƙa Ta Sauka a Bakin Teku

Duk wanda ya zauna a Bur Sudan, ko da bai taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, kullum sai ya furta wata kalmar Turanci ta harkar teku ba tare da ya lura ba, domin tana manne a sunan garin. Kalmar ita ce "port", wadda bakin mutanen nan ya sarrafa ta koma "bur", kamar yadda aka yi wa Bur Sa'id ta ƙasar Masar. Akwai kuma wata da ke tafiya tare da ita a taswirorin matuƙa jirage, da takardun kamfanonin jigilar kaya, da labaran da ake fassaro mana daga Turanci, ita ce "harbour". Gidajen rediyo da jaridunmu na Hausa sukan haɗa su biyun su kira su tashar jiragen ruwa, kuma a mafi yawan labarai hakan ya wadatar. Sai dai kalmomin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma a ganina babu wanda ya fi cancanta ya gane bambancinsu kamar mu Hausawan da ke zaune a wannan gaɓa ta Bahar Maliya, inda wannan bambanci ya taɓa durƙusar da wani gari ya tayar da wani.

A Turancin yau, harbour na nufin wani yanki na ruwa a gefen teku ko babban tafki, wanda ƙasa ko tsibiri ko duwatsu ko katangar da mutane suka gina suka kare shi daga iska da igiyar ruwa, kuma yake da zurfin da jirgi zai iya shiga ya tsaya lafiya. Abin da ake dubawa a nan kariya ce. Ita kuwa port wurin aiki ne da ciniki, inda ake loda kaya da sauke su, inda fasinjoji ke hawa da sauka, inda ake da kwastan da sito da injinan ɗaga kwantena da 'yan dako, da hanyar mota ko ta jirgin ƙasa da za ta kwashi kayan zuwa cikin ƙasa. Saboda haka ana iya samun harbour da babu ko rumfa ɗaya a bakinta, sai dai masunta su laɓe a ciki idan iska ta taso, ana kuma iya samun port da ba ta da kariyar kirki. Haka Akra ta ƙasar Gana ta daɗe tana aiki, manyan jirage suna tsayawa can nesa a fili, ana yi musu jigilar kaya da kwale-kwale cikin igiyar ruwa, har zuwa lokacin da aka buɗe tashar Tema a 1962. Wata harbour ɗin halittar Allah ce, kamar ta Sidni a Ostireliya ko ta Firitawun a Saliyo, wata kuma haƙa ta aka yi aka kewaye ta da katanga, kamar Jabal Ali ta Dubai da aka buɗe a 1979.

Abin da ya fi jan hankalina game da kalmar shi ne asalinta ba shi da wata alaƙa da ruwa. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin zuwan Normawa daga arewacin Faransa a 1066, kalmar "herebeorg" ce, kuma haɗin kalmomi biyu ce. Ta farko, "here", na nufin runduna, ta biyu kuma, "beorg", na nufin kariya ko mafaka. Ke nan ma'anarta ta fari ita ce masaukin mayaƙa, abin da Bahaushe zai kira sansani. Ita wannan "here" ba ta kowace runduna ba ce a bakin mutanen wancan zamani, tana da ƙanshin hari da ganima. A dokokin Ine, sarkin Wesseks da ke kudancin Ingila a ƙarshen ƙarni na 7, an yi bayani cewa mahara idan ba su wuce bakwai ba ɓarayi ne, daga bakwai zuwa talatin da biyar gungu ne, abin da ya haura haka shi ake kira "here". Da wannan suna ne kuma marubutan tarihin Ingila suka kira babbar rundunar Bikin, maharan arewacin Turai, da ta sauka a ƙasarsu a 865. Jamusawa har yau suna kiran sojan ƙasa "Heer", suna kuma da aikatau "bergen" mai ma'anar ceto ko adanawa, don haka sassan kalmar biyu suna nan da ransu a harshensu.

Da tafiya ta yi tafiya sai sojan ya fita daga cikin ma'anar, masaukin ya rage. A Turancin tsakiyar zamani "herberwe" na nufin duk wurin da matafiyi zai kwana, ko gidan baƙi ne ko ɗakin aro. Wannan ma'ana ita ce ta bazu a Turai, kuma a can ta tsaya ba ta ƙara gaba ba. Bajamushe na kiran gidan baƙi "Herberge", mutumin Holan na cewa "herberg", a Aisland kuwa "herbergi" ɗaki ne kawai na cikin gida. Harsunan da suka fito daga Latin su ma sun ari kalmar daga maƙwabtansu: Faransawa suna da "auberge", Italiyawa suna kiran otal "albergo", mutanen Sifen suna da "albergue". A Ingila ma akwai ƙauyuka da unguwanni masu yawa da ake kira "Coldharbour", wato masauki mai sanyi, sunan da ya fito daga waccan tsohuwar ma'ana, kuma yawancinsu suna nesa da teku.

Turawan Ingila ne suka ɗauki kalmar suka kai ta bakin ruwa, tun wajen ƙarni na 12, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen da teku ta kewaye su ta kowane gefe. A wurin matuƙin jirgi mai tafiya da iska, lungun da zai shiga ya kwana lafiya shi ne masaukinsa. Mu da kakanninmu suka yi fatauci a tudu za mu fi saurin fahimtar wannan idan muka tuna da zango. Ayari na sauka a zango ne don a sauke wa dabbobi kaya, a sha ruwa, a kwana cikin tsaro, ba don a yi ciniki ba, ko da yake sau da yawa ciniki kan biyo baya har zangon ya zama unguwa, kamar yadda aka samu unguwannin Zango a Kumasi da sauran garuruwan hanyar Gwanja. Harbour zangon jirgi ce, port kuwa kasuwarsa ce.

Akwai wata kalmar Turanci da ta fito daga wannan tushe wadda ɗalibai kan haɗu da ita a jaridu su rasa inda ta dosa, ita ce "harbinger". A da sunan wani jami'i ne da ake turawa gaba ya tanadi masauki kafin sarki ko runduna su iso. Tunda ganinsa a gari alama ce ta cewa manya na tafe, sai ma'anar ta juya, yau ana amfani da ita ga duk abin da ke nuna cewa wani abu na nan zuwa, alheri ko akasinsa.

Sauran kalmomin biyu da ke gogayya da harbour ba su da irin wannan doguwar tafiya. "Port" daga Latin take, "portus", kuma ita ce a cikin sunan ƙasar Fotugal. "Haven" kuwa tsohuwar kalmar mutanen arewacin Turai ce da tun asali take nufin mafakar jirage, tana cikin sunan Kofenhagen, babban birnin Denmak, wanda ke nufin tashar 'yan kasuwa, da kuma Le Havre ta Faransa da Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kafa a 1517. Abin lura shi ne kalmomin biyu sun yi musayar wuri: harbour ta baro tudu ta koma teku, haven kuma ta baro teku ta hau tudu, domin a yau an fi jin ta a maganar ƙasashen da attajirai ke ɓoye dukiya don gudun haraji, ko wurin da mai gudun fitina ke samun kwanciyar hankali.

Larabcin wannan gaɓa tamu ya fi Hausa tanadin kalmomi a wannan fanni, kuma dole ne ya fi, tunda ƙasar Hausa ba ta da teku. Akwai "mina'", wadda ita ce ta hukuma, kamar yadda ake kiran tashar Jidda da tamu ta nan. Ba ta da alaƙa da Mina ta aikin Hajji, kama ce kawai ta lafazi. Akwai kuma "marsa", wadda ta fito daga aikatau mai nufin jirgi ya tsaya cik a wuri ɗaya, kuma duk mai karatun Alƙur'ani ya san tushenta daga addu'ar Annabi Nuhu, Alaihis Salam, a aya ta 41 ta Suratu Hud: "Bismillahi majraha wa mursaha." Marsa ita ce mafi kusa da harbour, kuma Larabawa sun bar ta a sunayen garuruwa tun daga Marsa Alam da Marsa Matruh a Masar, da Marsal Kabir a Aljeriya, har zuwa Marsala a tsibirin Sisili na Italiya. Sai kuma "sharm", tsagar da teku ke yi ta shiga cikin ƙasa, kamar Sharm al-Shaikh da Sharm Ubhur da ke arewacin Jidda.

Dalilin yawan waɗannan sunaye a Bahar Maliya shi ne yanayin gaɓar. Duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittun ruwa ke ginawa, sun yi layi a gefen teku kusan ko'ina, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, amma kuma suna fasa cikin duk jirgin da ya hau su. Murjani ba ya son ruwan daɗi da laka, shi ya sa a bakin kwaruruwan da ruwan sama ke gangarowa daga duwatsu zuwa teku ake samun kafa a cikin layin, kuma ta wannan kafa jirgi ke shiga ya samu ruwa mai zurfi da kwanciya. Tun zamanin Fir'aunoni mutane suke neman irin waɗannan wurare. A Wadi al-Jarf, a gaɓar Masar, masu binciken kayan tarihi sun tono wata tasha mai katangar duwatsu ta zamanin Fir'auna Khufu, shekaru fiye da 4,500 da suka wuce, kuma ana lissafa ta a matsayin mafi tsufa cikin tashoshin da aka sani hannun mutum ya gina.

Labarin Sawakin da Bur Sudan shi ne misalin da nake ba duk wanda ya ce bambancin harbour da port wasan malamai ne. Sawakin tsibiri ce ƙarama da ke can ƙarshen wata doguwar mashiga, ruwan da ya kewaye ta a kwance yake, kuma ga jiragen da ke tafiya da iska babu mafakar da ta fi ta a duk wannan gaɓa. Shi ya sa ta yi ɗaruruwan shekaru tana riƙe da cinikin yankin, aka gina mata benaye da dutsen murjani, kuma ta nan dubban alhazan Afirka ta Yamma suka tsallaka zuwa Jidda bayan sun yi watanni ko shekaru suna tafiya a ƙasa. Da yawa daga cikin Hausawan Sudan zuriyar waɗannan matafiya ne, da kuma ta waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Amma da zamanin manyan jirage masu injin tururi ya zo, sai abin da ya sa Sawakin ta zama mafaka ya zame mata cikas: mashigar ta yi ƙunci, murjani ya matse ta, babban jirgi ba ya iya shiga ya juya cikin sauƙi. Turawan mulkin mallaka suka duba arewa da ita, tafiyar kimanin kilomita 60, suka ga wata tsaga mai zurfi da faɗi da ake kira Marsa Shaikh Bargut, da sunan wani waliyyi da aka binne a wurin. Aka fara gini a 1905, layin dogo daga Atbara ya iso gaɓar teku a 1906, aka buɗe sabuwar tashar a hukumance a 1909. Sunan wurin kansa ya ba da labarin abin da ya faru, domin marsa ce aka mayar port. 'Yan kasuwa suka bi jirage, benayen Sawakin suka riƙa rushewa ɗaya bayan ɗaya, kuma sai a 1991, da aka buɗe tashar Usman Digna don jiragen fasinja da ke zirga-zirga zuwa Jidda, garin ya ɗan farfaɗo.

Ita ma Jidda gadon wata ta ci. Kafin ita, Shu'aiba ce mashigar Makka ta teku, kuma daga can Sahabbai suka hau jirgi a hijirar farko zuwa Habasha. Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya mayar da tashar Makka zuwa Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira.

Game da rubutun kalmar, mutanen Ingila da mafi yawan ƙasashen da suka yi wa mulki, har da Najeriya da Sudan, suna rubuta "harbour", Amurkawa kuwa "harbor". Nuhu Webster, wanda ya wallafa babban ƙamusinsa na Turancin Amurka a 1828, shi ne ya fi kowa tasiri wajen cire harafin "u" daga irin waɗannan kalmomi. A wannan kalmar dai ina ganin babu ɓangaren da zai yi wa wani gori, domin ƙarshen "our" ba gadonta ba ne, an yi mata shi ne don ta yi kama da kalmomin da aka aro daga Faransanci. Abin da ya kamata ɗalibi ya kiyaye shi ne ya zaɓi salo ɗaya ya tsaya a kansa, sannan kada ya taɓa rubutun sunan wuri. Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawai da Japan ta kai wa hari ranar 7 ga Disamba 1941, ba a sa masa "u" ko a jaridun Landan. Lafazin ma ya bambanta: Ba'amurke na fitar da "r" duka biyu, mutumin kudancin Ingila kuwa yana haɗiye su, har kalmar ta fito kusa da "haba" tamu ta mamaki, sai dai da jan wasalin farko.

Inda tsohuwar ma'anar ta fi fitowa fili shi ne idan aka yi amfani da kalmar a matsayin aikatau. A nan babu jirgi babu teku, ma'anarta a ba wani masauki ko mafaka. Sai dai zamani ya shafa mata baƙin fenti, domin da wuya ka ji an yi amfani da ita ga baƙon kirki. Wanda ake cewa an ba irin wannan mafaka yawanci mai laifi ne da hukuma ke nema, kuma a dokokin ƙasashe masu amfani da Turanci yin hakan laifi ne mai zaman kansa. Da wannan aikatau ne Shugaba George Bush ya yi amfani a jawabinsa na daren 11 ga Satumba 2001, inda ya ce Amurka ba za ta bambanta tsakanin waɗanda suka kai harin da waɗanda suka ba su mafaka ba. Likitoci na amfani da ita ga jiki ko ruwa ko dabbar da ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama a cikinta. Ana kuma amfani da ita ga abin da mutum ya ajiye a zuciya bai furta ba, musamman ƙulli da zargi da shakka, abin da mu za mu ce ya ƙullace shi ko yana riƙe da shi a rai. Mai fassarar da ya ga wannan aikatau ya kawo maganar tashar jirgi ya ɓata labarin gaba ɗaya.

Lauyoyi su ma sun ari kalmar. Abin da suke kira "safe harbour" wani tanadi ne a cikin doka da ke cewa duk wanda ya cika wasu sharuɗɗa da aka zayyana, ba za a kama shi da laifi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta zamanin intanet da Amurka ta yi a 1998 tana da irin wannan tanadi, kuma shi ne ke kare kamfanoni irin su YouTube daga ɗaukar alhakin abin da jama'a suka ɗora, muddin sun cire shi idan mai haƙƙi ya kai ƙorafi. Akwai kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a 2000 tsakanin Amurka da Tarayyar Turai mai wannan suna, kan tura bayanan mutane daga Turai zuwa Amurka, wadda kotun Tarayyar ta soke a watan Oktoba na 2015.

To, me Bahaushe zai ce? "Tashar jiragen ruwa" ta zauna daram, ba kuma ni da niyyar tayar da ita, ko da yake ita kanta "tasha" aro ce daga Turanci, ta shigo tare da jirgin ƙasa. Ta dace da port sosai, domin tasha a wurinmu wurin lodi ne da hayaniya da kamasho. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023, jama'a suka kwararo nan ana kwashe su a jirage zuwa Jidda, tashar jiragen ruwa ce ta yi wannan aiki, kuma babu gyara a faɗin haka. Amma idan labari na magana ne a kan guguwa ta taso jirage sun gudu sun laɓe, ko a kan wani lungun teku da ya dace a gina tasha a cikinsa, ko a kan katangar da ake ginawa don tare igiyar ruwa, to "mafakar jiragen ruwa" ta fi faɗin gaskiyar abin, kuma mai sauraro a Kano ko Damagaram da bai taɓa ganin teku ba zai gane ta nan take. Jami'in da Turawa ke kira "harbour master", wanda ke ba jirgi izinin shiga da fita yana kuma nuna masa inda zai tsaya, ana iya ce masa shugaban kula da zirga-zirgar jirage a tasha. Mu nan gaɓar Bahar Maliya kuwa, da Larabci ya riga ya zauna a bakinmu, idan muna magana tsakaninmu mukan ce mina idan ana nufin wurin kwastan da kwantena, mu ce marsa idan ana nufin inda masunta ke ɗaure jiragensu.